Karaya: wa ya je ɗori, wa ya je asibiti, kuma yaya aka ƙare?

Ɗan Bolari

Assalamu alaikum jama'a. Mangwaro ya fara nuna, yara sun koma kan bishiya, ga babura kuma ba sa raga wa kowa a cikin garin Gomben nan. Duk gidan da aka samu karaya sai kan mutane ya rabu: dattawa su ce a kira mai ɗori, 'yan boko su ce a tafi asibiti, mai ciwo yana kwance ana musu a kansa. Ina roƙon wanda abin ya taɓa samu, ko wanda ya yi jinyar wani da hannunsa, ya ba mu labari. Wane ƙashi ne, ina aka kai shi, yaya aka ƙare. Ban da "an ce". Kuma don Allah kada a kama sunan kowa, mai ɗori ne ko likita.

Direban Kumo

Wa alaikumus salam. Ni lodin wake nake ɗaurewa a saman mota ranar kasuwa, igiya ta tsinke, na sauko da kafaɗa. Ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa shi ya karye, har ƙararsa na ji. Bappana ya kai ni wurin wani dattijo a bayan gari. Ya lalluba da yatsa, ya sa aka ja kafaɗuna baya, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya naɗe ni da rawani ta baya, hannun kuma ya rataye min shi a wuya. Bai yanka kuɗi ba, cewa ya yi a ba da abin sadaka. Kafin wata biyu na koma kan sitiyari. Akwai ɗan ƙulli a wurin har yau, amma buhu nake ɗagawa da hannun. Ni dai ba za a zagi masu ɗori a gabana ba.

Maman Biyu

Malam Direba, Allah ya ƙara lafiya, ba zan musa maka ba. Amma saurari nawa.

Ɗana yana da shekara 6 ya faɗo daga mangwaron makwabta, ya dafa ƙasa da hannu. Gwiwar hannun ta kumbura nan take, ta karkace. Babansa yana tafiya, gidan kuma gidan surukai ne, maganar Inna ita ce magana. Aka ɗauko wani mai ɗori a kan babur. Mutum biyu suka danne yaron, aka ja hannun, ihun da ya yi har yanzu ba na son tunawa. Ya jera kara da aka saƙa da zare, ya naɗe tun daga damtse har wuyan hannu, ya ɗaure tamau. Ya ce kada wanda ya taɓa sai ya dawo bayan mako.

Da dare yaron bai runtsa ba. Na ba shi maganin zafi, a banza. Kukan ma ya canza, ba irin na rana ba ne. Yatsun suka kumbura suka yi sumul, da na taɓa sai na ji sanyi, da na ɗan miƙe masa yatsa ɗaya sai ya ƙwala ihu ya sandare. Na je na buga wa Inna ƙofa, ta ce haka ɗori yake, ƙashi ne ke kamawa, in yi haƙuri. Wajen asuba yaron ya fara cewa hannun ba nasa ba ne, ba ya jin yatsunsa. Allah ya kawo ƙanin maigidana daga masallaci, malamin makaranta ne, ya duba farcen yaron kawai ya ɗauko reza ya yanke zaren. Inna tana faɗa, shi kuwa ya saɓa yaron a kafaɗa muka fita.

A asibiti ko zama ba mu yi ba, hoto ɗaya aka ɗauka aka wuce da shi tiyata. Sai da suka tsaga fatar hannun daga gwiwa zuwa wuyan hannu don naman ya samu wurin kumbura, sannan suka soke ƙashin da siraran ƙarafa guda 2. Likitan ya ce da mun kai azahar da sai dai wani zancen. Hannun yana nan, alhamdu lillahi, yana rubutu da shi, amma yatsu 2 ba sa miƙewa sosai, ga tabo dogo. Ni da Inna mun daɗe ba ma haɗa ido. Ba mugunta ta yi ba, duk 'ya'yanta da ɗori ta raine su, ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Goggon Yara

Innalillahi. Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya shi. Jikina duk ya yi sanyi.

Mai Jinya

Ina aiki a ɗakin masu karaya, ba zan faɗi asibitin ba. Labarin Malam Direba gaskiya ne, na Maman Biyu ma gaskiya ne, bambancin yana wurin ƙashin da ya karye.

Ƙashi abu ne mai rai, da jijiyoyin jininsa da ɓargonsa. Idan ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a tsakanin bakunan biyu. Cikin mako 2 zuwa 3 wannan gudan jinin yana juyewa ya zama wani abu mai taushi irin guringuntsi, ya riƙe bakunan. Daga nan sinadarin kalsiyam ya riƙa zuba a ciki har ya yi tauri. Ƙullin da Malam Direba yake ji a kafaɗarsa shi ne wannan sabon ƙashin, kuma jiki yakan ci gaba da sassaƙe shi na watanni, wani lokaci shekaru. To ka ga ba likita ke haɗa ƙashi ba, ba kuma mai ɗori ba. Haka Allah ya halicce shi, shi ke haɗe kansa. Aikinmu duka shi ne a daidaita shi, a hana shi motsi, kuma kada a toshe masa jini. Ƙashin kafaɗar nan ko mu a asibiti yawanci rataye hannu kawai muke yi, ya warke.

Gwiwar hannun yaro kuwa wani wuri ne daban. Ƙashin damtse dab da gwiwa siriri ne a yara, shi ya sa nan yake yawan karyewa idan suka dafa ƙasa, musamman 'yan shekara 5 zuwa 8. Babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta gaban wurin take wucewa, ga jijiyoyin ji da motsi na yatsu a kewaye. Bakin ƙashin da ya karye yana iya danne su tun kafin a ɗaure. Sannan tsokar hannu tana cikin wata fata mai ƙarfi da ba ta buɗewa, kumburi kuma ƙaruwa yake yi a kwana 2 zuwa 3 na farko. Kumburi na turowa daga ciki, ɗauri na matsewa daga waje, sai jini ya tsaya. Tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa cikin kamar awa 6, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa, ƙanƙancewa take ta ja yatsu su lanƙwashe. Idan abin ya wuce haka hannun ya yi baƙi ya ruɓe.

Shi ya sa ko siminti, wato ɗaurin asibiti mai sandarewa, ba ma zagaye sabuwar karaya da shi gaba ɗaya. Ɓari ɗaya muke sawa mu naɗe da bandeji, sai kumburi ya sauka a rufe. Kuma abin da Maman Biyu ta gani, wato zafin da ya ƙi jin magani, ihu idan an miƙe yatsa, yatsu su yi sanyi ko su mutu, ko da simintinmu ne a hannun, a dawo a daren, kada a jira gari ya waye.

Jikan Mai Ɗori

Ni a gidan ɗori aka haife ni, a ƙasar Deba. Kakana ya yi, babana yana yi, ni ma ina riƙe musu ƙafa tun ina ƙarami. Abin da aka yi wa yaronki, Hajiya, a gidanmu laifi ne babba. Kaka ba ya ɗaure hannu ya tafi. Sai ya zura yatsa a ƙarƙashin karan ya ji akwai sarari, ya matsa farcen mutum ya ga jini ya dawo, washegari da sassafe kuma ya dawo ya sassauta. Yakan ce ƙashin yaro ɗanyen kara ne, lanƙwasa yake ya tsage ta gefe ɗaya, na tsoho kuwa busasshe ne, ɓallewa yake. Don haka ba ya jan hannun yaro da ƙarfi.

Kuma akwai waɗanda ba ya karɓa ko nawa za a ba shi: wanda ƙashi ya huda fata ya fito, wanda ya karye a baya ko wuya, da tsohon da ya karye a ƙugu. Yanzu babana ya ƙara da cewa sai an kawo masa hoton ƙashi kafin ya taɓa, ya ɗaga shi a rana ya duba. Matsalar ita ce sana'ar ta cika da waɗanda ba su gada ba, ba su kuma zauna an koya musu ba. Mutum ya ga an yi sau biyu, gobe ya sayi zare.

Mai Jinya

Gaishe da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Maganar Kaka a kan ƙashin yara haka take. Jariri ana haihuwarsa da ƙasusuwa wajen 270, wasu suna haɗewa yana girma har su koma 206 a jikin babba. Kuma kusa da kan kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi, ta nan ƙashin ke ƙara tsawo, ba ya rufewa sai an balaga, mata wajen shekara 14 zuwa 16, maza 16 zuwa 18. Idan karaya ta bi ta wannan faifan aka yi ta ja ana murɗawa, ƙashin na iya daina tsawo ko ya girma a karkace, kuma ba za a gane ba sai bayan shekaru. Yatsa ba ya gano wannan, sai hoto.

Baban Herwagana

Ku yi ta yabon asibiti. Ƙanina mota ta buge shi a hanyar Dadin Kowa, da ƙafarsa biyu muka shiga da shi wani asibiti, da ɗaya muka fito. Abin da mutane ke gudu ke nan, ba jahilci ba ne.

Mai Jinya

Allah ya ba shi haƙuri, Baba. In ba damuwa, ranar da abin ya faru kuka kai shi?

Baban Herwagana

A'a. Ya yi kusan mako biyu a gidan ɗori, sai da ƙafar ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi. Da rauni a wurin tun farko, aka cusa magani aka ɗaure.

Mai Jinya

To Baba, ba zan ce komai a kan wanda ya ɗaure ba. Amma naman da ya riga ya ruɓe, idan aka bar shi, gubar jini take bi ta kashe mutum. Yawancin ƙafafun da na ga an yanke a irin wannan halin suke zuwa. Sai labari ya koma gari cewa asibiti na yanke ƙafa, na gaba ya ji tsoro ya ƙi zuwa da wuri, shi ma ya zo a makare.

Telan Pantami

Irin raunin ƙanin Baba ne ya same ni, sai dai ni daga kan titi aka wuce da ni asibiti, ban ma san inda nake ba. Babur ne ya haɗa ƙafata da bayan wata mota. Ƙwauri ya karye, ƙashin ya fito fari fat ta cikin wando. Likita ya nuna min cewa gaban ƙwauri fata ce kawai a kan ƙashi, babu tsokar da za ta kare shi, shi ya sa yake saurin hudowa, kuma ƙasan ƙwaurin ba ya samun jini sosai, shi ya sa yake jinkirin haɗewa. A daren suka wanke raunin a tiyata, aka yi min allurar tetanus, aka ɗaura ruwan maganin ƙwayoyin cuta. Ba su sa siminti ba, wasu ƙarafa suka soka a ƙashin sama da ƙasa suka haɗa su da sanda ta waje, don a riƙa wanke ciwon kullum. 'Yan dubiya suna shigowa su ga ƙarfe tsaye a ƙafata su yi salati su juya.

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce kuɗi. Ƙarfe, hoto, magani, jini, sai da keken ɗinkina ɗaya ya tafi, 'yan'uwa kuma suka yi karo-karo. Wanda ya ce talaka na zuwa ɗori don rashin wayewa bai taɓa riƙe takardar kuɗin tiyata ba. Na fi rabin shekara kafin in taka keke da ƙafar. Wani abu kuma, da wata uku ta wuce hoto bai nuna ƙashin ya kama ba, likita ya tambaye ni ko ina shan taba. Ya ce hayaƙin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai wa sabon ƙashi jini, kuma masu ciwon suga ma haka suke fama. Karayar ce ta raba ni da sigari. Matata kuma ta ɗaura min ɗamarar kindirmo, wake, ƙwai, zogale da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙashinsu, har na fara gudun kwanon.

Ɗalibar Kashere

Don Allah a ina ake samun likitocin ƙashi a kusa? Ba kowane asibiti ke da su ba.

Telan Pantami

Akwai a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe. Akwai na koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Wanda aikinsa ya yi nauyi kuma akan tura shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, su sun ƙware ne a kan ƙashi.

Adda Daga Dukku

Tamu tsohuwa ce, Dada, kakarmu. Santsi ya kwashe ta a banɗaki tana alwala, faɗuwar da ko yaro ba zai yi kuka ba. Ta kasa tashi. Da muka kwantar da ita sai muka ga ƙafar dama ta fi ɗayar gajarta, tafin kuma ya kwanta ya kalli waje. Hammana ya kira mai ɗorin unguwa, mutumin kirki, ya duba ya ce wannan ba tasa ba ce, wurin yana can cikin nama, babu inda kara zai kama. Wasu a dangi suka ji haushi, wai a nemo wani. Wasu kuma suka ce tsohuwa mai shekara sama da 70 ina ita ina tiyata, a bar ta ta kwanta ƙashin ya haɗe.

Likitar da ta gan mu a Gombe ta zaunar da mu ta zana mana a takarda. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jiki, amma a samansa yana da ɗan wuya siriri da kai mulmulalle da ke shiga cikin ƙugu. Jinin da ke ciyar da kan ta wuyan yake bi, idan wuyan ya karye ya goce sai kan ya rasa jini ya mutu, ko shekara za a yi a kwance ba zai haɗe ba. Ta ce mata bayan sun daina al'ada ƙashinsu yana zaizayewa a hankali ba tare da ciwo ba, shi ya sa ƙaramar faɗuwa ke karya su. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ce kwanciyar ce ke kashe tsofaffi: gyambon baya, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa. Aka cire kan ƙashin aka sa na ƙarfe. Wallahi kafin mako ya zagayo an tsayar da Dada tana dafa abin tafiya tana yi wa ma'aikatan tsiya da Fulatanci. Ta ƙara shekaru tana zuwa suna da biki da sandarta kafin Allah ya karɓi abarsa.

Mai Tsaron Gida

Hoto ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ina tsaron raga a ƙungiyar unguwa, na tare wata ƙwallo na faɗi a kan tafin hannu. Aka ɗauki hoto a wani ƙaramin asibiti aka ce targaɗe ne, in shafa magani. Watanni ina jin zafi a gindin babban yatsa, ko buta ba na iya ɗagawa da kyau. Da na je wurin likitan ƙashi ya danna ɗan ramin nan na gindin yatsa na zabura. Ya ce wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne, ɗaya daga ciki ya tsage, kuma tsagewarsa sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Shi ma jininsa ta gefe ɗaya yake shiga, don haka bai haɗe ba, sai da aka ɗaure shi da ɗan kusa. Na bar raga, yanzu baya nake bugawa.

Malama A Jekadafari

Ba wanda ya yi maganar abin da ke biyo bayan haɗewar ƙashi, ni kuwa nan na fi shan wuya. Idon sawuna ya karye ta gefe biyu a matakalar makaranta, aka sa faranti da kusoshi, aka kuma sa siminti. Ranar da aka cire na ɗauka gida zan taka in tafi. Ƙafar ta rame ta zama siririya, idon sawun ya ƙage, ko lanƙwasa shi ba na iyawa, zaman tahiya ya gagare ni, sai a kujera nake salla. Mai gashin ƙashi ta ce min guringuntsin da ke cikin gaɓa ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓar yake samun abinci, ruwan kuma sai ana motsi yake zagayawa. Tsoka ma da an daina aiki da ita take fara zubewa. Gashin da nake zato na ruwan zafi ne da tawul, ashe motsa jiki ne mai sa hawaye: a ja yatsun ƙafa da zani, a tsaya a kan ƙafa ɗaya, a hau matakala a sauka. Da yawa da muka fara tare sun gudu tun a makon farko, na haɗu da ɗaya a kasuwa tana ɗingishi har yanzu. Malam Mai Jinya, tambayata ita ce ƙarfen nan. Lokacin hunturu yana ɗan yi min tsami, kuma Goggona ta dage wai tsatsa zai yi a jikina, sai an cire.

Mai Jinya

Ki kwantar wa Goggo da hankali, Malama, ba irin ƙarfen ƙofa ba ne, an yi shi ne don zama a jiki kuma ba ya tsatsa. Tsamin sanyi da yawa suna faɗinsa, ba alamar ɓaci ba ce. A babba, idan bai dame shi ba, yawanci barinsa ake yi, don cirewar ma wata tiyata ce. Ana cirewa idan kan kusa yana gogar fata ko takalmi, wanda a idon sawu yakan faru saboda wurin ba nama, ko idan wurin ya yi ja yana fitar da ruwa. Ko za a cire ma sai ƙashin ya gama haɗewa sarai, galibi bayan shekara. Siraran ƙarafa irin na yaron Maman Biyu kuwa ba a barinsu, bayan mako 3 zuwa 4 ake zare su a ɗakin duba marasa lafiya. Ki koma wurin likitan da ya yi miki aikin da sabon hoto, shi zai faɗa miki ko naki na cirewa ne.